Kafanchan: Garin da jirgin ƙasa ya haifa, ya tafi ya bar shi

A garin Kafanchan akwai wata unguwa da ake kira Bayan Loko. Yaron da aka haifa a cikinta shekara ashirin da suka wuce zai iya tasowa, ya gama sakandare, har ya fara neman aure, bai taɓa tsayawa ya tambayi mece ce wannan loko da unguwarsu take bayanta ba. Kakansa kuwa ba sai an gaya masa ba. Loko ita ce makekiyar rumfar da ake kwantar da kawunan jiragen ƙasa idan sun sha tafiya, a kwashe musu toka, a duba ƙafafunsu, a ɗura musu ruwa da kwal, sannan su sake ɗaukar hanya. Sunan ya zauna daram a bakin jama'a, amma abin da ya haifi sunan ya daɗe da yin shiru.

Duk wanda ya leƙa harabar tashar jirgin garin zai gane cewa ba don ƙaramin aiki aka gina ta ba. Ga layukan dogo jere reras, wasu sun nutse cikin ciyawa, ga taragun da tsatsa ta ci suna tsaye inda aka bar su, ga gidajen kwatas na ma'aikata da tsohon rufinsu na kwano. A takarda dai har gobe Kafanchan ce hedikwatar shiyyar Arewa ta Tsakiya ta Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, ɗaya daga cikin shiyyoyi bakwai, tana kafaɗa da kafaɗa da Legas, Ibadan, Inugu, Minna, Zariya da Bauchi. Sauran shidan kowanne yana da abin da zai jingina da shi idan jirgi ya tsaya. Ko Minna, wadda ita ma jirgi ne ya raya ta, ta samu kujerar gwamna a 1976. Kafanchan ce kaɗai a cikinsu wadda jirgi ne uwarta, jirgi ne ubanta.

A shekarar 2027 za a cika shekara ɗari da haɗuwar layukan da suka mai da wannan wuri mahaɗa. Ko za a yi bikin da kukan jirgi, ko kuwa da jawaban manyan baƙi kawai, wannan ita ce tambayar da ke rataye a kan garin.

Kafin ƙarfe, jaki ne

Ba jirgi ne ya fara kawo baƙi wannan yanki ba. Tun kafin Turawa, fataken Kano da Zazzau suna ratsa ƙasar da ayarin jakuna, ɗauke da kanwa da gishiri da tufafi, suna gangarawa kudu wajen Keffi da bakin Binuwai. Inda ayari ke sauke kaya ya huta shi ake kira zango, daga nan kuma garin Zangon Kataf ya samo sunansa: zangon fatake a tsakiyar ƙasar Atyap, waɗanda Hausawa ke kira Katab ko Kataf. A wancan zamani Zango ce babbar matattarar ciniki a wannan shiyya.

A kudu da can kuma, wajen shekarar 1810, wani malami Bafulatani mai suna Usman ya kafa masarautar Jama'a a gindin duwatsun Daroro, a ƙarƙashin ikon Zazzau. Dangantakar waɗannan cibiyoyi biyu da ƙabilun da ke kewaye da su, irin su Bajju, Atyap, Kaninkon, Kagoma, Kagoro da Ham, ta ƙunshi ciniki da maƙwabtaka, ta kuma ƙunshi haraji da farautar bayi. Wannan ɓangare na biyu bai goge daga zukatan jikoki ba, kuma wanda ya yi kamar bai san da shi ba, ba zai fahimci komai daga abin da ya biyo baya ba.

Inda garin Kafanchan yake a yau kuwa, ƙasar noma ce ta mutanen Fantswam, masu harshe ɗan'uwan na Atyap da na Kagoro, suna iyaka da Kaninkon da Bajju. Sunan Kafanchan ma sunan Fantswam ne da ya bi ta bakin Bahaushe ya fito da wata siffa. Babu kasuwar a zo a gani, babu fadar babban sarki, babu wani dalili da zai sa a sa wurin a taswirar ƙasa. Dalilin daga nesa ya zo.

Kwal daga kudu, kuza daga dutse

A 1909 aka gano kwal a Udi, kusa da inda Inugu take yanzu. Don a fitar da shi zuwa teku aka kafa garin Fatakwal, aka kuma shimfiɗa dogo daga can zuwa Inugu tsakanin 1913 da 1916. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya dakatar da aikin, bayan an ƙare yaƙi aka ci gaba da turo layin zuwa arewa, ta Makurɗi da Lafiya, da nufin haɗa shi da layin Legas zuwa Kano a Kaduna.

A can saman duwatsun Jos kuma kamfanonin Turawa suna haƙar kuza. Hanyar da suke da ita a lokacin ita ce wani siririn layi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, wanda aka kammala a 1914, mai ƙananan taragu, ga shi sai an sauke kaya a Zariya an sake loda su a babban jirgi. Masu ma'adinai suna son kwal mai araha don injinansu, suna kuma son gajeriyar hanya zuwa teku. Sai injiniyoyi suka nemi wurin da ya fi dacewa a cire reshe daga sabon layin, ya hau dutse zuwa Jos. Filin da ke gindin duwatsun Kagoro, mai shimfiɗa, mai ruwa rani da damina, shi ya dace da lissafinsu. Zuwa 1927 an haɗa layin da Kaduna, mai nisan kusan kilomita 180, an kuma buɗe reshen da ya bi ta Kagoro da Manchok zuwa Kuru da Jos. Gadar Makurɗi ce ta rage, har zuwa 1932 a jirgin fito ake haye da taragu Kogin Binuwai.

Littattafan Turawa sun fi ba da labarin injiniyoyi da kuɗin da aka kashe. Waɗanda suka fasa duwatsu da diga, suka ɗauki ƙasa a kwando, mutanen ƙauyukan yankin ne da na lardunan maƙwabta, da yawansu kuma aikin tilas ne ya kai su, ta hannun hakimai da dagatai da aka yanka wa adadin mutanen da za su kawo. Irin wannan ɗiba ta sake dawowa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka riƙa kwasar maza zuwa ramukan kuza na Jos, abin da mutane suka sa wa suna ɗiban gwamna.

Jirgin wancan zamani kamar doki yake, sai da ci da sha. Kowace 'yar tazara sai ya tsaya ya sha ruwa, sai an ƙara masa kwal, sai an sauya direba da mai zuba wuta. Mahaɗa kuwa ta fi tasha buƙatar hannaye: masu juya layi, masu haɗa taragu da raba su, makanikai, maƙera, kafintoci, masu buga waya, akawuna, masu gadi, leburorin gyaran hanya. Kowanne da iyalinsa, kowane iyali da cikinsa. Haka Nairobi ta Kenya ta faro a 1899, daga sansanin ma'aikatan dogo, haka ma Crewe ta Ingila. Bambancin shi ne Nairobi ta zama fadar gwamnati, ta fi ƙarfin jirgin da ya haife ta.

Da dogo ya ɗauke ciniki, hanyar fatake ta mutu a tsaye. Layin bai bi ta Zangon Kataf ba, ta Zonkwa ya bi, shi ya sa Zonkwa ta bunƙasa har ta zama hedikwatar ƙaramar hukumar da ke ɗauke da sunan Zango. Garuruwa irin su Jagindi Tasha har yau sunansu na faɗin abin da ya kafa su.

Garin kowa

Mutanen farko da suka cika kwatas ɗin reluwe yawancinsu daga kudu suka zo, musamman Ibo da suka biyo layin tun daga Inugu, sai Yarabawa, Tibi, Idoma da sauransu. Hausawa 'yan kasuwa, mahauta, dillalai da malamai suka kafa unguwanninsu kusa da kasuwa. 'Yan ƙasa suka riƙa saukowa daga ƙauyuka da doya, acca, dawa da itace, wasu suka kama aikin lebura, daga baya 'ya'yansu da suka yi makarantar mishan suka shiga ofis. 'Yan mishan na SIM sun riga jirgi zuwa yankin, domin tun 1910 suka sauka a Kwoi, amma limaman Katolika da na Angilika layin dogo suka biyo, suna bin mabiyansu ma'aikata. Masallaci da coci kusan tare suka tashi a garin.

A irin wannan taro dole a sami harshen da zai haɗa kowa, Hausa kuma ta ɗauki wannan kaya. Da ita Ba'iyamure ke ciniki da Bakaje, da ita ake wa'azi a coci da yawa, da ita yaran kwatas ke wasa. Hausar Kafanchan tana da nata ɗanɗano, ba ta cika damuwa da bambance namiji da mace ba, Bakano zai ji ta ya yi murmushi, amma ta yi aikin da aka ɗora mata. Har yau ba abin mamaki ba ne a gamu da Ibo haifaffen garin wanda Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da harshen kakanninsa.

Agogon garin ma na jirgi ne. Isowar jirgin Fatakwal ko na Kano ita ce kasuwa: masu tallar abinci, 'yan dako, masu masauki, duk da ita suke lissafi. Fasinjan da zai sauya jirgi zuwa Jos yakan yi sa'o'i a tasha, wani lokaci ya kwana, kuɗinsa kuma a garin yake barin su. Manja, garin rogo da goro suna haurowa, shanu, gyaɗa, fatu da kuza suna gangarawa. A daidai wannan zamani ne noman citta don sayarwa ƙasashen waje ya kankama a ƙasar Jaba da Kachia, jirgi kuma shi ne ya ba ta ƙafa. Da aka miƙa layin daga Kuru zuwa Bauchi da Gombe har ya isa Maiduguri a 1964, sai ya zama duk kayan da za su fita daga Arewa maso Gabas ta dogo, ko su shiga, sai sun gaida Kafanchan. A wannan shekara jiragen ƙasar Najeriya sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Ganiyar ke nan.

Ma'aikacin reluwe a lokacin mutum ne mai albashi a ƙarshen wata, mai gida da famfo, mai ƙungiyar ƙwadago da ake jin tsoronta. Ma'aikatan dogo ne ƙashin bayan yajin aikin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa, ya kuma tsayar da ƙasar fiye da mako shida. A cikin ƙungiya ɗaya, a ƙarƙashin ubangida ɗaya, mutum yakan fara zama direba ko makanike kafin a tambayi ƙabilarsa. Ba a ce babu wariya ba, akwai ta, musamman wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma. Sai dai akwai abin da ya haɗa cikin kowa.

Fada ta biyo tasha

Wani mataki da Turawan mulki suka ɗauka a 1933 ya fi kowanne daɗewa yana amo. Ganin hukuma ta fi sauƙin gudanarwa a kusa da jirgi, sai aka dawo da fadar Sarkin Jama'a cikin Kafanchan. A idon Bature gyaran tsarin mulki ne kawai, irin wanda ya sa aka yi ta yawo da yankin tsakanin larduna, daga Nasarawa zuwa Filato, daga baya zuwa Zazzau. A idon mutanen Fantswam da Kaninkon kuwa, an ɗauko sarautar da ba tasu ba an dasa a gonakin iyayensu. Su kuma Hausawa da Fulanin Jama'a suna ganin kakanninsu sun fi ƙarni guda a yankin kafin jirgi, da su aka kafa garin, ba su da wani gida da ya wuce nan. Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya, shi ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa.

Muddin jirgi na tafiya, kasuwa na ci, wannan tsama tana kwance. Girgiza ta farko daga waje ta zo. Kashe-kashen 1966 suka sa dubban Ibo suka bar Arewa, da yawa a cikin jiragen da su da kansu suke tuƙawa da gyarawa, Yaƙin Basasa kuma ya datse layin kudu har zuwa 1970. Bayan yaƙi da dama sun dawo, amma jirgin bai koma yadda yake ba.

Dalilan faɗuwarsa sun taru sun yi masa yawa. Kawunan jirgi masu amfani da man dizal, da aka fara shigowa da su tun tsakiyar shekarun 1950, ba sa buƙatar tsayawa shan ruwa da kwal, don haka rabin aikin loko ya tafi. Kuɗin man fetur ya shimfiɗa kwalta, tirela da tanka suka kwashe kaya. Dalar gyaɗa ta ɓace, kwal ɗin Inugu ya ja baya, kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985. Tun a 1974 yawan fasinja ya faɗo ƙasa da miliyan 5. An kawo ƙwararru daga Indiya a 1979 su riƙe hukumar na 'yan shekaru, an ba kamfanin CCECC na Chana kwangilar gyara a 1995 zamanin Janar Abacha, duk dai kamar ana yayyafa wa dutse ruwa. Babbar hanyar mota daga Akwanga zuwa Jos kuma ta bi ta Gwantu, ta bar Kafanchan a gefe. Abin da dogo ya yi wa Zangon Kataf, shi kwalta ta yi wa Kafanchan.

Sunan da ya sauya ma'ana

Wanda ya haura shekara saba'in idan ya ji an ce Kafanchan, jirgi yake tunawa. Wanda bai kai hamsin ba, rikici yake tunawa. A ranar 6 ga Maris, 1987, saɓani kan kalaman wani mai wa'azi a taron ɗalibai Kirista a Kwalejin Ilimi ta garin ya rikiɗe ya zama faɗa, ya fantsama cikin gari, cikin 'yan kwanaki kuma wutar ta kai Zariya, Kaduna, Funtuwa da Katsina, aka ƙona wuraren ibada, aka rasa rayuka. A 1992 rikicin Zangon Kataf, wanda ya faro daga batun sauya wa kasuwa wuri, ya girgiza yankin baki ɗaya. A watan Mayun 1999 bikin miƙa sanda ga sabon Sarkin Jama'a, Alhaji Muhammadu Isa Muhammadu, ya zama tarzoma. A watan Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka yi asarar rayuka masu yawa a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan, babbar kasuwar garin kuma ta ƙone.

Zai zama rashin adalci a ɗora wa mutuwar jirgi alhakin wannan duka, tunda tushen gardamar ƙasa da sarauta ya girmi tasha. Amma ba a rasa lura da cewa shekarun da albashin reluwe ya daina zuwa a kan kari, aka yi ta sallamar ma'aikata, matasa suka cika gari ba aikin yi, su ne shekarun da garin ya fara kamawa da wuta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan 2011 zama ya rabu, unguwanni suka zama na wane da wane, har ciniki ma ya so ya bi wannan layi.

An yi ƙoƙarin ɗinke ɓaraka. Gwamnatin Ahmed Makarfi ta ƙirƙiro sababbin masarautu a farkon shekarun 2000, Fantswam da Kaninkon suka sami sarakunansu, abin da ya rage zafi ko da bai kashe gardamar iyaka ba. A ranar 23 ga Maris, 2016, wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a, Zangon Kataf, Kaura, Kachia da Sanga suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya da ke ɗauke da sunan garin. Kafin shekarar ta ƙare hare-hare sun sake ɓarkewa a ƙauyukan Godogodo da kewaye. Duk da haka masu zaman sulhun ba su watse ba, kuma a cikin garin kansa mutane sun koma saye da sayarwa da juna, domin mai citta ba ya tambayar addinin mai sikeli.

Abin da ya rage a hannu

Garin bai mutu ba, ya dai sauya abin da yake ci. Makarantu sun maye wani gurbi: reshen Jami'ar Jihar Kaduna, kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma, da Kwalejin Ilimi da ta koma Gidan Waya. An taɓa sa wa babban asibitin garin sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, wanda ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Disambar 2012. A 2021 gwamnatin jiha ta kafa wa garin hukumar raya birni tasa, kamar yadda ta yi wa Kaduna da Zariya, aka kuma yi wasu tituna. A Katsit, ɓangaren garin da ya faɗa Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, ana cin kasuwar aladu mako-mako, wadda ake lissafa ta cikin mafi girma a ƙasar, 'yan kasuwa daga kudu suna zuwa da manyan motoci. Kusa da Madakiya kuma ruwan Matsirga yana zubowa daga kan dutse, wurin da a wata ƙasar da tuni ya zama abin neman kuɗi.

Citta ita ce babbar dukiya. Najeriya na cikin manyan masu noma ta a duniya, mafi yawanta kuma daga Kudancin Kaduna take fitowa. Annobar da ta ruɓar da ita a gonaki a daminar 2023 ta nuna yadda yankin ya rataya a kan amfanin gona guda, iri ya yi tsada, manoma da yawa suka shiga bashi. Buhunan da suka tsira a bayan tirela suke tafiya Legas, suna biyan kuɗin dizal da na shingayen hanya, suna tsallaka layin dogon da aka shimfiɗa domin irin wannan kaya.

Alkawuran dawo da jirgi kuwa ba a rasa su ba. Zamanin Shugaba Goodluck Jonathan an raba gyaran layin gabas ga 'yan kwangila, jirgi ya ɗan motsa, ya sake tsayawa. Sabon layin zamani na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a Yulin 2016 ta yamma ya bi, faɗinsa ma ya bambanta da na tsohon layi, jirginsa ba zai iya taka dogon Kafanchan ba ko da an so. A watan Maris na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sake gina layin Fatakwal zuwa Maiduguri gaba ɗaya, a kan kuɗi kimanin dala biliyan 3. Abin da aka kammala aka buɗe a 2024 shi ne daga Fatakwal zuwa Aba, kilomita sittin da 'yan kai. Daga Aba zuwa Kafanchan akwai sauran fiye da kilomita 600.

Kafin aikin ya iso, wasu sun riga shi. A 'yan shekarun nan jami'an tsaro sun sha kama manyan motoci a Kudancin Kaduna da Nasarawa maƙare da ƙarafunan dogo da aka kwance da dare, aka yayyanka, za a kai wa masu narka ƙarfe. A wasu wurare tsakanin Kafanchan da Lafiya, abin da ya rage na layin shi ne tudun tsakuwar da leburorin 1920 da wani abu suka tara da kwando.